Yadda ake karatu da bincike kan sha'anin jima'i a Jos ba tare da an zubar wa kowa mutunci ba

Ƙannena masu karatun saikoloji da soshiyoloji da aikin nas da lafiyar al'umma, musamman ku na Jami'ar Jos da makarantun koyon aikin lafiya na garin nan, da ku nake. Duk shekara idan lokacin furojet ya zo sai ka ga yarinya mai ƙwaƙwalwa tana son ta taɓa maganar kwanciyar aure da lafiyar jima'i, da an ce mata "ke ko kunya ba kya ji?" shi kenan ta janye ta canza tofik. Don Allah ku daina janyewa. Aure nawa ya mutu a Gangare da Angwan Rogo da Tudun Wada aka ce zama ne ya ƙare, alhali abin da ya kashe shi a cikin ɗaki yake, kuma da an je asibiti da wuri ko an samu wanda zai saurara da ba a kai ga saki ba. Yanzu fagen an bar wa mai lasifika a wajajen Terminus da masu tallan kayan mata a TikTok, su ke faɗa mutane na ji. Toh ana buƙatarku, sai dai shigar da ƙa'ida ake yi.

Fara da kanka tukuna, ka warware maganar kunyar nan a zuciyarka, don in ba ka warware ba a fuskarka za a gani ranar da ka zauna gaban mutum. Mu da muka yi Islamiyya tun muna yara aka karantar da mu bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, da hukuncin haila da jinin biƙi da wankan janaba, a gaban malam kuma, ba wanda ya ce batsa ce. Ummu Sulaim ta je ta tambayi Annabi (SAW) ko mace na yin wanka idan ta yi mafarki, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Wanda ya fi burge ni shi ne na Sayyidina Ali, yana da tambaya kan maziyyi amma yana auren 'yar Annabi, nauyin surukuta ya hana shi tambaya da bakinsa, sai ya tura Miƙdad ya tambayo masa. Ka lura tambayar ba ta mutu ba, hanya kawai ta canza, kuma rabin aikin binciken da za ka yi a cikin mutanenmu kenan, nemo hanyar da tambaya za ta isa ba tare da ta keta kunyar mutum ba. 'Yan'uwanmu Kirista ma haka, kafin ɗaurin aure ana zaman nasiha da fasto ana taɓa waɗannan batutuwan.

Sai karatu. Abin da nake so ya zauna maka a kai kafin ka buɗe kowane littafi shi ne matsalar jima'i ba ta zuwa ta ƙofa ɗaya, jiki na ciki, tunani na ciki, zaman gida da na unguwa na ciki, duk a lokaci guda. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, George Engel, shi ya fito da wannan tsarin kallon ciwo a 1977, kuma ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan lafiyar jima'i ita ma haka ta ce, ba rashin cuta kaɗai ba ne, har da natsuwar jiki da ta zuciya da ta mu'amala. Ɗan saikoloji sai ya manta da suga, nas ta manta da kishiya, ɗan soshiyoloji ya manta akwai jijiyar jini, kowa ya kawo rabin labari.

Bari in nuna maka da misali. Magidanci ne ɗan shekara 45, ɗan kasuwa a Katako, ya ce ƙarfinsa ya ragu. A majalisa an riga an yanke masa hukunci, basir ne, ga gorar magani. Kai mai karatu abin da za ka fara tambaya, yaushe rabon da a gwada masa suga da hawan jini? Domin miƙewar gaba aikin jini da jijiya ne, ciwon suga na lalata duka biyun, kuma jijiyoyin jinin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta shi ya sa sau da yawa su ke fara nuna alama shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Wasu magungunan hawan jinin ma da na ciwon damuwa suna taɓa wurin, haka sigari, haka tramadol ɗin da samari ke sha wai don su jima. Wannan jiki kenan. Ta ɓangaren tunani kuma, sau ɗaya abin ya ƙi, washegari mutum ya shiga ɗaki yana sa wa kansa ido yana jiran ya gani ko za a maimaita, fargabar da kanta ta kashe abin, ga bashi ga kuɗin makaranta ga haya. Likitoci kan tambaya ko yana farkawa da asuba ya ga gaban a miƙe, in yana gani toh an fi zargin tunani fiye da jijiya. Sannan ka leƙa gidan, ya yi amarya ne kwanan nan, rabon kwana ya zama kamar jarrabawa, uwargida na lura amarya na lura, ko kuwa ɗaki ɗaya ne da yara biyar a kwance a ƙasa? In ka ɗauki ɗaya ka bar biyu ba ka fahimci mutumin nan ba. Kuma haɗarin gorar nan gaskiya ne, hukumomin kula da magunguna har da NAFDAC sun sha gargaɗi cewa ana zuba sinadarin sildenafil, wato na cikin Viagra, a magungunan maza da ake cewa na gargajiya ne zalla, wanda in ya haɗu da wani nau'in maganin ciwon zuciya jini na iya faɗuwa warwas.

Na mata ya fi ban tausayi saboda su ko majalisar ma ba su da ita a kan wannan. Mace ta gama wankan jego ta dawo ɗakinta tana shayarwa, shayarwa na rage sinadarin estrogen, sai bushewa da raguwar sha'awa, wataƙila ga ɗinki bai gama warkewa ba, tana jin zafi ta kasa faɗa, miji ya ɗauka gudunsa take. Wata kuma amarya ce tsokar gabanta ke damƙewa da kanta da an kusance ta, ba da gangan ba, ciwo ne sananne da ake warkarwa da bayani da atisaye a hankali, amma a gida sai a ce namijin dare ne ko an yi mata asiri, a yi ta hayaƙi wata da watanni. Ga matsi da ake cusawa, wani da alif a ciki, yana busar da wurin ya jawo rauni da infekshan. Ga kalmar "sanyi" da ake zuba komai a cikinta, ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, alhali wasu cututtukan da ake ɗauka ta saduwa suna zama a jikin mace shiru ba alama har su toshe hanyar ƙwai, kuma in aka yi mata magani ita kaɗai aka bar mijin sai ya sake mayar mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza na da babban kaso a ciki, amma je ka ga layin asibitin mata ka ƙirga mazan da suka biyo matansu.

Turawan da za a sa ka karanta, ka karanta su da kyau amma da idonka a buɗe. Alfred Kinsey ya fitar da rahotonsa na maza a 1948 na mata a 1953, ya yi hira da dubban mutane, amma an soke shi kan yadda ya zaɓo su. Masters da Johnson a 1966 su suka auna abin da jiki ke yi suka kasa shi mataki 4, daga motsuwa har komawar jiki daidai. Helen Kaplan ta zo ta ce kun manta da sha'awa ita kanta. Wadda nake ganin ta fi amfani ga aikinmu ita ce Rosemary Basson ta Kanada, wajajen 2000, da ta nuna mata da yawa a cikin dogon aure sha'awarsu ba ita ke fara zuwa ba, tana biyo bayan kusanci da kulawa da wasa ne. Wallahi wannan bayanin kaɗai in ya isa kunnen magidanta da an rage zargin "ba ta so na". Sai dai yawancin waɗanda suka yi nazari a kansu Turawa ne masu mata ɗaya, jiki ɗaya ne a ko'ina amma ba su san ranar girki ba, ba su san goyon ciki ba, ba su san zawarci irin namu ba. Wannan gurbin naka ne.

Don haka ka haɗa da alƙaluman gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar, ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, matan aure kashi 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar tazarar haihuwa ta zamani, kuma kashi 19 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. Babban binciken ƙanjamau na shekarar ya sa yaɗuwar cutar a kashi 1.4 tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Rahotannin na nan a intanet kyauta, ka duba na jiha jiha ka ga inda Filato ta tsaya. Takardun bincike kuma shafukan intanet na Google Scholar da PubMed da AJOL sun ishe ka. Kuma kana Jos, kana da abin da ɗalibai da yawa ba su da shi, cibiyar masu yoyon fitsari ta asibitin Jankwano na nan, asibitin masu ƙanjamau na JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, na nan. Karɓi wasiƙa daga difatmen ka je ka zauna da nas-nas ɗin wurin su gaya maka yadda doguwar naƙuda ke huda mafitsara da yadda ake sakin yarinya saboda warin da ba ita ta jawo wa kanta ba. Ka je a matsayin mai koyo, kada ka ɗaga waya ka ɗauki kowa.

Tofik kuma a matse shi. "Jima'i a tsakanin Hausawa" ba tofik ba ne, sufabaiza zai dawo maka da shi. Amma ina magidanta a Jos ta Arewa ke fara zuwa idan ƙarfi ya ragu, kemis ko mai magani ko asibiti, kuma me ya sa, wannan tofik ne. Me iyaye mata ke gaya wa 'ya'yansu ranar hailar farko, wannan ma. Ko yadda iyaye suka karɓi allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023.

Kafin ka tambayi ko mutum ɗaya sai ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, JUTH na da nasu, ƙasa ma na da nata a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Kada ka ɗauke shi a matsayin wahalar takarda. Arewa ba ta manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara wajen 200 aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Duk dattijon da ya kalle ka da takarda a hannu ya ce "wa ya turo ka?" yana da hujjarsa. Shawarata in digirin farko kake, bar 'yan ƙasa da shekara 18, don sai ka nemi yardar iyaye da ta yaron duka, kuma batun na da zafi, a 2022 ma Ministan Ilimi na lokacin Adamu Adamu ya ba da umarnin a cire darasin jima'i daga manhajar makarantu.

Shiga unguwa ta ƙofa ake yi. Mai unguwa, liman ko fasto, malamar Islamiyyar matan aure ko shugabar zumuntar mata, ka gaya musu gaskiyar abin da za ka tambaya, kada ka ce binciken tsafta ne daga baya a ji wani abu daban. Kuma kowa ya san tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rabu, in za ka yi aiki a Rikkos samu ɗan Rikkos ya raka ka, in Angwan Rukuba ne samu ɗan can, amma mai rakiyar a waje zai tsaya lokacin hira. Namiji ya tambayi maza mace ta tambayi mata, ba jayayya. Ke kuma in budurwa ce kika zauna gaban mai 'ya'ya bakwai za ta kalle ki ta ce "ke 'yar nan me kika sani?", toh ki tafi da nas mai aure ko ungozomar da ba 'yar unguwar ba, ita ta yi tambayar ke ki rubuta.

Zaman kansa shi ne wurin da aka fi ɓata aiki. An shimfiɗa miki tabarma a ɗaki, kin gaisa kin tambayi yara da mai gida, kin karanta mata takardar yarda da Hausa a bayyane don ba kowa ke karanta boko ba, kin gaya mata tana iya ƙin amsa ko ta ce a tsaya ba abin da za ta rasa. Kada ki faɗa kan babbar tambaya. Fara da haihuwa nawa, awo a ina, yaya jego ya kasance, sannan a gangaro. Kuma ki ba ta mafaka a cikin tambayar, kamar haka, "Mama, mata da yawa kan ce bayan haihuwa suna jin zafi idan mai gida ya neme su, a nan unguwar ana samun haka?" Za ta ce ana samu. Ki yi shiru, kada ki cike shirun. Sau da yawa can sai ki ji ta sauke murya ta ce "ni ma nan da kike gani". In kuwa labule ya motsa uwar miji ta shigo da kwanon ruwa ta zauna, nan take ki juya shafi ki ce "toh Mama, autan an gama masa rigakafi?", ki riƙe waɗannan tambayoyin a shirye tun daga gida, wannan dabara ce da ke cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na bincike kan cin zarafin mata, haka ma ƙa'idar mace ɗaya a gida ɗaya. Kada ki kuskura ki yi da uwargida ki fito ki shiga ɗakin amarya da takarda iri ɗaya, kowacce ta san abin da aka tambayi 'yar'uwarta kenan.

Kalmomi ka yi amfani da na mutane, kwanciyar aure, saduwa, neman iyali, ba na littafi ba kuma ba na tasha ba. Zaman rukuni yana da kyau don jin abin da "ake cewa", amma sirrin mutum ba a tambayarsa a gaban maƙwabta. In za ka ari ma'aunan da aka riga aka tsara, akwai IIEF na maza mai tambaya 15 da FSFI na mata mai 19, a fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asalin ba ya mayar da shi Turanci a gwada ko ma'anar ta tsaya, sannan ka gwada a kan mutane kaɗan a wata unguwar kafin aikin gaske. Ka kuma sa a ranka cewa a duk duniya maza kan ƙara gishiri a irin waɗannan tambayoyin mata kuma su rage, ka rubuta hakan a rahotonka, ba aibi ba ne.

Yanzu amana, kuma nan ne nake so ku fi ji na. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba suna a takarda, lamba kawai, takardar yarda mai sa hannu a ajiye ta daban da ta amsoshi. Muryar da ka naɗa kada ta kwana a wayar da ƙanenka ke ɗauka yana buga gem, sa fasuwad, kwashe ta, goge bayan ka rubuta. Kada ka tura ta guruf ɗin aji a WhatsApp wai a taya ka fassara. Kada ka kai wa mai taifin a shagon bakin geit ɗin Bauchi Road, Jos ƙaramin gari ne, mai taifin ɗin na iya gane muryar matar yayansa. Mutum na iya gaya maka yana ɗauke da ƙanjamau iyalinsa ba su sani ba, ko ya faɗi abin da dokar 2014 ta hana auren jinsi ta sa wa ɗauri har shekara 14, ko yarinya ta ce an taɓa yi mata fyaɗe mijinta bai sani ba. Ko me kake ji a ranka game da abin da aka faɗa, kai ka ce a yarda da kai, in ya fita ta bakinka aure na iya mutuwa, rai ma na iya salwanta.

Za a yi maka kuka, ka shirya. Kuma za a ce "likita me zan sha?", kai ba likita ba ne, kada ka rubuta wa kowa magani. Abin da za ka iya shi ne matakai biyun farko na tsarin da Jack Annon ya kawo a 1976, ka ba mutum dama ya yi maganar ba tare da ka yamutsa fuska ba, sannan ka ba shi ɗan bayani na gaskiya, misali cewa ba kowace budurwa ke zubar da jini a daren farko ba, ko cewa namiji ko mace za a haifa daga maniyyin uba yake. Sauran matakan na ƙwararru ne. Shi ya sa kafin ka fita fili ka je da ƙafarka ka tabbatar da wuraren da za ka tura mutane, sashen mata da na mafitsara da na ƙwaƙwalwa a JUTH ko asibitin ƙwararru na jiha, wace rana suke ganin marasa lafiya, kati nawa ne, ka rubuta a 'yar takarda ƙarama da mace za ta iya ɗaurewa a bakin zani. In fyaɗe ne sabo, lokaci ne komai, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin kwana 5, ajiye takardar tambayoyin ka taimaka a kai ta asibiti a ranar. Kai ma in labaran suka fara hana ka barci ka samu sufabaiza ko wani babba a fannin ka yi magana, ba tare da sunan kowa ba.

Wajen rubutawa cire suna kawai bai isa ba. In ka rubuta "matar wani limami mai mata uku a Dilimi, tana sayar da awara" ka riga ka faɗi sunanta. Sai ka ce matar aure mai shekara tsakanin 30 da 39, Jos ta Arewa, shi kenan. Bayan difens kuma ka taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, ka kai wa mai unguwa da malamar Islamiyya ko shugabar zumuntar matan da suka buɗe maka ƙofa, ka bar kwafi a asibitin sha-ka-tafi na unguwar, ka haɗa da takardar wuraren neman taimakon nan a baya.